Madarar da Ta Ƙi Yin Kauri

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar wadda ba ta da abokin gaba a duniya kamar datti. Idan ƙanenta ya dawo daga wasa, a bakin ƙofa take tare shi. Sai ya nuna mata hannunsa, ciki da baya, kafin ya wuce. Babanta ma bai tsira ba. Shi ya laƙaba mata suna Duba-gari, sunan kuma ya bi ta.

Suna zaune a saman wani gidan bene. Akwai Baba, akwai Mama, akwai ƙanenta Auta. Sai Kaka, mahaifiyar Mama. Ɗakin Kaka shi ne na ƙarshe, kusa da banɗaki.

Ita da Kaka kuwa, ba a shiga tsakaninsu. Kaka ba ta ce mata Duba-gari. "Ƙawata" take kiranta. Tare suke tsince shinkafa. Tare suke yi wa Baba dariya idan barci ya sace shi a kujera, baki buɗe.

Ana nan sai cutar korona ta shigo gari. Aka rufe makarantu. Ba a daɗe ba Kaka ta fara tari da zazzaɓi. Wata nas ta zo sanye da takunkumi da safar hannu, ta yi mata gwaji. Da sakamako ya fito, sai ga shi korona ce.

Nas ta tara su a falo. Ta ce, "Ku kwantar da hankalinku. Jikinta bai yi tsanani ba. Za ta iya jinya a gida. Amma ita kaɗai za ta zauna a ɗakinta. Mutum ɗaya ne zai riƙa shiga, shi ma da takunkumi. Ku ma duka babu mai fita waje sai na ba da izini."

Mama ce ta ɗauki aikin shiga. Kawu, ƙanen Baba, shi yake yi musu cefane. Yakan ajiye kayan a bakin ƙofar gida, ya ƙwanƙwasa, ya ja baya.

Yarinyar ta ɗauko 'yar kujerarta ta ajiye a ƙofar ɗakin Kaka. Nan take wuni. Ba ta ganin Kaka, amma tana jin muryarta ta cikin katako.

"Kaka, ya jiki?"

"Da sauƙi, ƙawata. Babanki ya yi barci?"

"Tun ɗazu."

"Bakin fa?"

"A buɗe."

Sai ta ji Kaka tana dariya, dariyar ta koma tari.

Ciwon ya ɗauke wa Kaka jin ƙamshi da ɗanɗano. Ta ce shinkafa kamar takarda take a bakinta, shayi kuma ruwan zafi ne kawai. Ga cikinta ya ɓaci, tana yawan zuwa banɗaki. Abu ɗaya ne yake shiga ya zauna. Shi ne yogot ɗin da ake yi a gidan.

"Ɗan tsamin nan kaɗai harshena yake ganewa," in ji Kaka.

Da can Kaka ce take yin yogot ɗin. Yanzu Mama ta karɓa. Takan tafasa madara, ta bar ta ta huce. Sannan ta buɗe firiji ta ɗauko wata 'yar kwalba mai shuɗin murfi. A cikinta akwai ragowar yogot na jiya. Shi ake kira iri. Ta ɗebi cokali guda ta zuba a madarar, ta juya, ta rufe, ta naɗe kwanon da tawul. Kafin gari ya waye, madara ta yi kauri. Daga sabon kuma a sake cika kwalbar, don na gobe.

Haka ake yi shekara da shekaru. Kaka takan ce irin nan ya girmi auren Mama.

Tun da aka rufe makaranta, Malamar kimiyya takan turo darasi da murya ta wayar Mama. Wata rana da hantsi, yarinyar ta zauna tana saurare.

Malama ta ce, "Yara, yau za mu yi magana a kan ƙananan halittu. Ido ba ya ganinsu. Wasu ana ce musu bakteriya, wasu bairos. Suna kan hannu, suna jikin ƙofa, suna cikin ruwa. Wasunsu suna kawo cuta. Su ne suke lalata abinci, su ne suke sa madara ta yi tsami. Wanke hannu da sabulu yana kore su. Tafasawa tana kashe su. Sauran bayani sai darasi na gaba."

Yarinyar ta ajiye wayar a hankali. Magana ɗaya ta tsaya mata a rai. Su ne suke sa madara ta yi tsami.

Ta dubi firiji. Ta tuna da 'yar kwalbar nan. Ashe bakteriya ne a ciki! Kullum Mama tana ɗebo su da cokali, tana zuba wa madara mai kyau. Kullum kuma ana kai wa Kaka, wadda ba ta da lafiya. Ta ce a ranta, "Shi ya sa cikin Kaka ya ƙi daidaita."

Ta tashi ta je don ta gaya wa Mama. Ta tarar da ita a gefen gado, barci ya kwashe ta a zaune, ko takalmi ba ta cire ba. Tausayi ya kama ta. Ta ja ƙofar a hankali ta fito.

Baba yana nan a falo, ido biyu. Lambar Malama ma tana nan a waya. Amma Duba-gari ba ta tambayi kowa ba. Gani take ta riga ta gane komai.

Ta shiga kicin. Ta juye abin da ke cikin kwalbar a ƙaramar tukunya, ta ɗora a wuta. Auta ya leƙo.

"Yaya, me kike dafawa?"

"Aikin manya ne. Je ka yi wasa."

Ta tsaya a kai har ya tafasa, yana ɓal-ɓal. Ya tsinke, ruwa ya ware gefe guda. Ta sauke, ta bar shi ya huce, ta buga shi da cokali har ya ɗan haɗe. Ta wanke kwalbar da sabulu da ruwan zafi, ta sake wankewa. Sannan ta mayar da shi ciki, ta sa a firiji.

Ranar, sai tsalle take yi a gidan. Ta je ƙofar Kaka ta ce, "Kaka, kin kusa warkewa."

"Allah ya ji bakinki, ƙawata."

Da yamma Mama ta haɗa madara kamar kullum. Ta ɗaga kwalbar ta duba. "Yau irin nan ya yi ruwa-ruwa," ta ce. Amma a gajiye take, ba ta tsaya bincike ba. Ta zuba, ta rufe, ta naɗe.

Washegari da safe ta warware tawul. Madara tana nan madararta, tsulu-tsulu. Ko alamar kauri babu.

"Ikon Allah!" in ji Mama. "Ko da zafi na zuba ne?"

Ta zubar, ta tafasa wata. Wannan karon ta juye duk abin da ya rage a kwalbar. Ta ƙara tawul. Da yamma ta buɗe. Ita ma ta ƙi. Yanzu kwalbar ta zama fayau.

Yarinyar tana tsaye a bayanta. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta rufe. Ta ce a ranta wataƙila daga madarar ne.

Baba ya kira Kawu a waya. Kawu ya zaga shagunan unguwa. Abin da ya samo wani ne na roba, mai ruwan hoda, mai zaƙi ƙwarai. Kaka ta kurɓa sau ɗaya ta ture.

"Wannan ai ruwan alewa ne. Ku ba Auta."

Mama ta gwada yin iri da shi. Bai yi ba.

Daga nan faranti ya fara dawowa daga ɗakin Kaka yadda aka kai shi. An dafa shinkafa ta yi laushi, ba ta ci ba. An yi shayi, ya huce a kofi. Ruwan gishiri da sukari da nas ta ce a riƙa ba ta ma, da ƙyar take haɗiya.

Yarinyar ta zauna a kujerarta.

"Kaka, Baba ya yi barci."

Can sai wata siririyar murya ta ce, "To, ƙawata."

Ba ta tambayi bakin ba. Wannan ya fi komai tsorata yarinyar.

Kashegari da safe nas ta zo. Ta daɗe a ɗakin. Da ta fito ta wanke hannu, ta tsaya nesa da su.

Ta ce, "Numfashinta da sauƙi, zazzaɓin ma ya ragu. Amma ba ta ci, ba ta sha sosai, ga ciki yana tafiya. Tsohuwa ce, jikinta zai iya bushewa. Zan dawo gobe da safe. Idan babu canji, zan kira mota a kai ta asibiti."

Yarinyar ta ce, "Zan iya bin ta?"

Nas ta girgiza kai. "A'a, 'yata. Ba a zuwa dubiya a wannan ɓangaren. Ko Mamanki ba za ta shiga ba."

Yarinyar ta dubi ƙofar ɗakin Kaka. Yanzu ko ba komai akwai ƙofa, akwai murya. A asibiti Kaka za ta kwanta ita kaɗai, cikin mutanen da ba ta sani ba.

Bayan tafiyar nas, ta bi Mama kicin. Ta same ta ta jingina da bango, riƙe da kwalbar da babu komai ciki. Hawaye suna sauka kan murfin.

Mama tana magana ita kaɗai. "Shekara da shekaru Inna tana riƙe da shi. 'Yan kwanaki kawai ta bar mini, na kashe mata. Wane irin hannu ne da ni?"

Yarinyar ta kasa daurewa. Ta fashe da kuka.

"Mama, ba ke ba ce. Ni ce."

Mama ta juyo. "Ke ce me?"

"Ni na tafasa shi. Malama ta ce bakteriya ne suke sa madara tsami. Ta ce tafasawa tana kashe su. Na zaci su suke ɓata wa Kaka ciki. So nake ta warke."

Mama ta ajiye kwalbar. Ta daɗe tana kallon 'yarta. Fuskarta ta nuna ɓacin rai, yarinyar kuma ta ga haka.

"Me ya sa ba ki tambaye ni ba?"

"Kina barci."

"Da kin tashe ni. Babanki fa? Shi ma barci yake?"

"A'a."

"Da kika ga madara ta ƙi, me ya sa kika yi shiru? Kina kallo ina ta zargin kaina."

"Tsoro na ji."

Mama ta yi ajiyar zuciya. Ta durƙusa, ta share mata hawaye da bakin zaninta.

"Na san don Kaka kika yi. Amma kin ga inda ya kai mu. Ungo waya. Kira Malamarki. Ki yi mata tambayar da ya kamata ki yi tun farko."

Ta karɓi wayar ta danna lambar. Malama ta ɗauka. Yarinyar ta gaishe ta, ta faɗa mata komai, ba ta rage ba.

"Ayya," in ji Malama. "Rabin darasi kika ji, kika tafi aiki da shi. Ni ma da na sani, da na haɗa shi duka rana ɗaya. To, saurara. A layinku, kowa ɓarawo ne?"

"A'a, Malama."

"Akwai mutanen kirki?"

"Su suka fi yawa."

"To haka ƙananan halittun nan suke. Wasu suna kawo cuta. Amma da yawa ba ruwansu da kowa. Wasu ma taimakonmu suke yi. Yanzu haka cikinki cike yake da su."

Yarinyar ta dafe cikinta. "Cikina?"

Malama ta yi dariya. "Cikinki, Duba-gari. Kuma kada ki ce za ki sha sabulu. Suna taya ki narkar da abinci. Suna tare wa miyagun wuri. Waɗanda suke juya madara ta zama yogot, irin masu kirkin ne. Masu amfanin da ake samu a abinci, masana suna ce musu furobayotik. Da kika tafasa irin, su kika kashe. Shi ya sa babu mai yi wa madara aiki."

Yarinyar ta ce, "Malama, to su ne maganin korona? Idan Kaka ta sha, za ta warke?"

"A'a. Ki riƙe wannan da kyau. Yogot ba maganin korona ba ne. Masana suna ta bincike ko waɗannan halittu za su iya taimaka wa ciki da garkuwar jikin mai cutar. Har yanzu ba su gama ba. Abin da nas ta ce shi za ku bi. Amma mara lafiya yana bukatar abinci. Idan yogot ne yake shiga bakin Kakarki, to yana da muhimmanci."

"Na gode, Malama."

"Allah ya ba ta lafiya. Ki riƙa tambaya, kin ji? Ba na gajiya."

Saura abu mafi wuya. Yarinyar ta tafi ƙofar Kaka. Ba ta zauna a kujera ba. Ta durƙusa, ta kafa goshinta a jikin katako.

"Kaka, kina ji na?"

"Ina ji."

"Ni na kashe miki iri. Tafasa shi na yi. Na zaci cuta ce a ciki. Ki yafe mini."

Yarinyar ta kasa kunne. Can sai ta ji wani ɗan sauti. Da farko ta zaci tari ne. Ashe dariya ce, 'yar ƙarama, mara ƙarfi.

"Ke yanzu, ƙawata, tsofaffin ma'aikatana kika dafa? Ba su ci miki ba, ba su sha miki ba?"

"Kaka, ki yi haƙuri."

"Na yafe. Daina kukan, kina jiƙa mini ƙofa." Ta tsaya ta huta. "Ai ba ni kaɗai nake da shi ba. Duk wadda ta ce tana so, nakan ɗebar mata. Ku tambaya. Wataƙila wata ta riƙe."

Yarinyar ta miƙe zumbur. "Su wa kika ba?"

Kaka ta faɗi waɗanda ta tuna. Mama ta zauna kusa, yarinyar tana kira.

Ta farko tsohuwar maƙwabciyarsu ce. Ta ce sun tashi zuwa wani gari mai nisa. Ta biyu ƙawar Mama ce. Ta yi dariyar kunya, ta ce nata ya daɗe da mutuwa, ita ba ta da juriyar Kaka. Wata kuma wayarta a kashe.

Rana ta yi tsaka. Yarinyar ta koma ƙofa.

"Kaka, babu wanda ya riƙe."

"Kin kira mai ɗinki?"

"Wace mai ɗinki?"

"Ta ƙasanmu mana. Goggonku."

Goggo mai ɗinki tana da shago a ƙasan benen, ɗakinta yana bayan shagon. Suka kira wayarta, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Amma ta taga ana jin ƙarar kekenta, ƙirrr, ƙirrr.

Yarinyar ta buɗe taga ta leƙa.

"Goggo! Goggo!"

Keke bai tsaya ba. Auta ya zo ya taya ta. Baba ma ya sa baki. Sai da suka haɗa murya su uku, sannan ƙarar ta ɗauke. Goggo ta fito, tef ɗin awo a wuyanta, ta ɗaga kai tana kare rana da hannu.

"Lafiya? Gobara ce?"

"Goggo, ina wuni? Don Allah kina da irin yogot ɗin da Kaka ta taɓa ba ki?"

"Wanda Yaya ta ba ni lokacin da na haifi ɗana na fari? Yana nan. Ɗan ma yanzu gemu gare shi. Ko jiya na haɗa. Ya jikin nata?"

"Ba ta iya cin komai sai shi. Namu kuma na lalata."

Goggo ba ta tambayi yadda aka yi ba. Ta ce, "To ku tsaya nan, kada kowa ya sauko. Ku zuro mini wani abu."

Baba ya kwance igiyar shanya. Ya ɗaura ta a hannun ƙaramin bokiti. Yarinyar ta riƙa sakin igiyar a hankali, Auta yana riƙe da ƙarshenta kamar zai yi dambe. Goggo ta kawo kwalba cike, ta naɗe ta da ƙyalle, ta sa a ciki ba tare da ta taɓa bokitin ba.

"Ja a hankali, 'yar nan! Ba rijiya ba ce!"

Bokiti ya taho yana lilo. Ya bugi bango sau ɗaya. Ya iso lafiya. Yarinyar ta rungume kwalbar a ƙirjinta.

Mama ta tafasa madara. Ta ce, "Ke kika ɓata, ke za ki gyara. Kaka za ta koya miki."

Ta ɗauko kwanon madarar ta ajiye a kan 'yar kujera, a ƙofar ɗakin Kaka. Yarinyar ta wanke hannu sosai ta zauna a ƙasa.

Kaka ta ce daga ciki, "Kada ki yi gaggawa. Zafi yana kashe su, ke kin fi kowa sani. Sanyi kuma yana sa su barci. Ɗumi suke so. Sa ɗan yatsanki a ciki ki ji."

Yarinyar ta zaro ido. "Yatsa? A cikin madara?"

"Ba kin wanke ba?"

"Na wanke."

"To sa."

Ta tsoma ta cire da sauri. "Da zafi."

"Jira."

Suka jira. Ta sake tsomawa. Wannan karon ta iya barinsa a ciki.

"Kamar ruwan wankan jariri, Kaka."

"Yauwa. Zuba cokali guda. Ki juya a hankali. Ki rufe, ki naɗe. Kuma kada ki leƙa. Ba sa son a tsaya musu a kai."

Wannan jiran ya yi mata tsawo ƙwarai. Ta share falo. Ta ninke wanki. Ta taya Auta karatu. Duk inda ta je, idonta yana kan tawul ɗin. Sau da yawa hannunta ya kai, sai ta janye. A tsakani Mama tana shiga tana lallaɓa Kaka da ruwan gishiri da sukari, cokali-cokali.

Da rana ta faɗi, Mama ta ce, "Zo mu gani."

Yarinyar ta warware tawul. Ta ɗaga murfi. Ta karkata kwanon kaɗan. Abin da ke ciki bai motsa ba. Fari tas, mai kauri, ga ɗan ƙamshin tsami.

"Ya yi! Mama, ya yi! Kaka, ya yi!"

"To, kafin komai," in ji Kaka, "ki cire na gobe."

Ta cika kwalbar. Sannan ta zuba wa Kaka a ƙaramin kwano. Mama ta sa takunkumi ta shiga. Yarinyar ta manna kunnenta a ƙofa. Ta ji ƙarar cokali a jikin kwano, sau ɗaya. Shiru. Sai ta sake ji. Sai kuma ta sake.

"Na Goggonku ya ɗan fi nawa tsami," in ji Kaka. "Amma kada ku gaya mata. A ƙaro mini kaɗan."

Mama ta fito da kwanon, idonta cike da hawaye, tana murmushi. Kafin su kwanta, Kaka ta ci 'yar shinkafa mai laushi da yogot a kai. Ta sha ruwanta har kofi ya ƙare.

Da safe nas ta zo. Yarinyar ta tsaya a bakin falo, ta kasa zama. Ta leƙa taga ko akwai mota a ƙasa. Da nas ta fito, kowa ya zuba mata ido.

"Ta ci, ta sha, kuma ya zauna," in ji nas. "Idonta ya washe. Yau babu zuwa asibiti. Zan ci gaba da duba ta."

Baba ya ce, "Alhamdu lillahi."

Nas ta ɗaga yatsa. "Amma kada a ce yogot ya kori korona. Ya buɗe mata ci ne, kuma muna fata zai taimaka wa cikinta. Magani a kan lokaci, ruwa da yawa, hutu. Idan numfashi ya canza, ku kira ni nan take."

Yarinyar ta ce, "Za mu kira. Ko ba mu tabbata ba, za mu tambaya."

Kullum sauƙi yana ƙaruwa. Kullum da yamma yarinyar ce take haɗa madara. Bayan wasu kwanaki aka sake yi wa kowa gwaji. Nas ta kira ta ce cutar ta tafi.

Mama ta je ta buɗe ƙofar ɗakin, ta bar ta a buɗe.

Kaka tana zaune a bakin gado. Ta rame, wuyanta ya yi siriri. Amma idonta yana nan yadda yake, cike da tsokana. Yarinyar ta tsaya a bakin ƙofa. Ta daɗe tana jiran wannan rana, yanzu kuma ta kasa ɗaga ƙafa.

"Shigo mana," in ji Kaka. "Ko sai na aiko da mota?"

Ta ruga ta faɗa jikinta. Ta ƙanƙame ta, tana kuka tana dariya. Kaka ta riƙa shafa mata kai.

"Saura kaɗan in sa a tafi da ke, Kaka."

"Ga ni nan, ban je ko'ina ba. Faɗa mini, me kika koya?"

Yarinyar ta share fuska. Ta ce, "Ba kowace ƙaramar halitta ce muguwa ba. Akwai masu taimakonmu. Kuma rabin sani yana iya cutar da wanda kake so. Idan ban gama gane abu ba, in tambayi manya kafin in taɓa. Idan kuma na yi kuskure, in faɗa da wuri."

"Madalla," in ji Kaka. "Yanzu riƙe ni mu je falo. Na gaji da ganin bangon nan."

Yarinyar ta ba ta kafaɗa. Suka fito tare, a hankali, Kaka tana dafe da ita.